Gawa Ba Ta Ba Da Shaida

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wataƙila saboda haka ne duk ranar da aka ce wanda ake tuhuma da kisan kai zai buɗe baki ya yi bayani, sai hankalin jama'a ya koma kansa kacokan, a kasa kunne kamar yara sun kewaye mai tatsuniya. Abin da ya dame mu a wannan 'yar maƙala shi ne abin da jama'a kan yi da bayanin nan bayan sun ji shi, domin mun lura cewa sau da yawa tun daga wannan rana ake ɗauke ido daga wanda ya yi kisan, a koma tuhumar wanda aka kashe.

Bari mu fara da abin da ya faru a ƙofar gidanmu. A watan Janairu na 2025 aka kama wani mai waƙoƙin coci, Timileyin Ajayi, a yankin Orozo da ke kan iyakar Abuja da Jihar Nasarawa, ɗauke da kan wata budurwa, Salome Adaidu, 'yar shekara 24 mai aikin bautar ƙasa. Tun yana hannun 'yan sanda ya shaida wa manema labarai cewa budurwarsa ce, ya kashe ta ne saboda ta ci amanarsa, kuma bai yi nadama ba. Da aka gurfanar da shi a Babbar Kotun Jiha a nan Lafiya sai ya musanta laifin, ya nemi nesanta kansa daga ikirarin da ya yi. Kotu ba ta gamsu ba. Ranar 26 ga Yuni, 2025, Mai Shari'a Simon Aboki ya yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya.

Babu shakka, fushi da alhini su ne suka fi yawa a zukatan mutanen Lafiya. Amma duk wanda ya zauna a majalisar masu shayi ko a tashar mota a watannin nan, ko ya leƙa Facebook, ya san cewa akwai wasu tambayoyi da suka riƙa biyo bayan Allah-wadai: me ya kai ta gidansa? Ashe dama soyayya suke yi? Danginta sun fito sun ce ba su san da wata soyayya ba, amma muryarsu ba ta yi nisan da tasa ta yi ba. Da kalma ɗaya tak daga bakin wanda ya yanka ta, yarinyar nan ta wayi gari da tuhuma a kanta, alhali ba ta da bakin musawa.

Haka abin ya kasance a Kano tun kafin wannan. Ranar 16 ga Satumba, 2022, wani ɗan ƙasar Sin, Geng Quanrong, ya soki Ummukulsum Sani Buhari, wadda aka fi sani da Ummita, a gidansu da ke unguwar Janbulo. Da ya zo kare kansa a farkon 2023, ya gaya wa kotu cewa ya kashe mata kuɗi wajen Naira miliyan 60, kuma bai yi niyyar kisa ba. Nan da nan zancen gari ya tashi daga jini ya koma lissafi, aka shiga wa'azi kan kwaɗayin 'yan matan zamani, har ka rantse a kan bashi ake shari'ar. Ranar 26 ga Maris, 2024, Mai Shari'a Sanusi Ado Ma'aji ya yanke masa hukuncin kisa.

Kada a ɗauka mata kaɗai abin ke shafa. A shari'ar Maryam Sanda a Abuja, mamacin namiji ne, wato mijinta Bilyaminu Bello, wanda ya rasu a watan Nuwamba na 2017. Ta gaya wa kotu cewa rigima ce ta tashi saboda hoton wata mata da ta gani a wayarsa, kuma kan fasasshiyar kwalbar shisha ya faɗa. Mai Shari'a Yusuf Halilu ya yi watsi da wannan bayani a watan Janairu na 2020, amma kafin nan an daɗe ana tattauna halin maza a kan kabarin mutumin da ba zai iya cewa uffan ba. Shari'u uku ke nan a garuruwa uku, zaren labarin kuwa guda ne: wanda ya mutu shi ya ja.

Mene ne ya sa labarin yake zuwa da kama ɗaya? Amsar tana cikin doka. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, ya kuma ba shi damar kare kansa. Wannan haƙƙi ne da ba mu fatan a tauye wa kowa. Har ila yau, a kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wato Final Kod, sashe na 221 ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya kashe da gangan, sashe na 222 kuma ya sassauta idan an yi kisan cikin tsananin tunzuri na nan take. Ke nan, tsakanin igiya da gidan yari akwai 'yar siririyar ƙofa, kuma mabuɗinta shi ne a nuna cewa mamacin ya tsokana. Mutumin da wuyansa ke kan gargara zai faɗi duk abin da yake ganin zai fisshe shi.

Kotu ta san da haka, shi ya sa ta tanadi matakan tacewa. Lauyan gwamnati zai titsiye mai bayanin da tambayoyi, a gwada maganarsa ta yau da ta jiya, a kawo rahoton likita da shaidun gani da ido, sannan alƙali ya auna. Kotun bakin titi kuwa ba ta da rariya ko ɗaya. Guntun bayani take tsinta a waya, ta yanke hukunci kafin shayi ya huce.

Ɗaliban adabi sun san wannan darasi tun daga tatsuniya. Idan Gizo ya yi ɓarna aka kai shi gaban Sarki, ai ba ya rasa ta cewa, kuma zancensa kan fi na kowa tsari. Mai sauraro yana jin daɗin wayonsa, amma ko ƙaramin yaro ya san ba a ɗaukar maganar Gizo a matsayin gaskiyar abin da ya auku. Ƙa'idar nazari ita ce, duk lokacin da mai ba da labari yake da riba a cikin labarin, wajibi ne a tambaya: wa aka hana magana a nan? A shari'ar kisan kai amsar a fili take. Mutum biyu ne suka san abin da ya gudana, ɗaya yana tsaye gaban alƙali da lauyansa, ɗaya yana kwance cikin ƙasa.

Mun sha jin ana kafa hujja da karin maganar nan, wai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A ganinmu wannan aza karin magana ne a inda ba muhallinsa ba. Ko da an ɗauka duk abin da aka faɗa a kan mamatan nan gaskiya ne, babu doka, babu addini, babu al'adar da ta ce fansar kuɗin zance ko ta cin amana ita ce rai. Illar irin wannan hujja kashi biyu ce. Ta farko, ana sake yi wa iyaye mutuwa, domin uwar da ta binne 'yarta sai ta koma tana kare mutuncinta a bakin duniya. Ta biyu ta fi muni: akwai saurayin da ke zaune a gefen majalisar nan yana saurare, ransa a ɓace da wata, kuma abin da yake koya shi ne idan ya aikata, za a sami masu cewa da dalilinsa.

Bisa ga haka, kiranmu ga ɗalibai da malamai, musamman masu riƙe da alƙalami da waɗanda gobe za su shiga gidajen rediyo da jaridu, shi ne a riƙa kiran bayanin wanda ake tuhuma da sunansa, wato da'awa, har sai kotu ta tace shi. A saurare shi, domin haƙƙinsa ne, amma kada a ara masa baki. Musulmi da Kirista a garin nan duk an hore mu da kame harshe game da wanda ya riga mu gidan gaskiya, kuma Salome da Ummita da Bilyaminu sun cancanci wannan alfarma. Allah ya ba iyalansu haƙuri, ya kuma tsare harsunanmu daga zaluntar wanda ba ya iya ramawa.