Ranar da madubin babur ya kusa ja min ajali

1/ Makon jiya saura ƙiris tirela ta bi ta kaina a hanyar Dutse zuwa Shuwarin. Ba gudu nake ba, ba waya nake latsawa ba. Madubi kawai na yarda da shi. Ku biyo ni 🧵

2/ Ina kan babur ɗin Yayana, zan karya hagu. Na leƙa madubi, na hango tirela 'yar mitsitsiya kamar kwalin ashana. Na ce ai tana nesa. Ina karyawa sai hon a ƙeyata. Wallahi iskarta sai da ta kaɗa min riga.

3/ Da na dawo gida jiki na rawa, Yaya bai yi faɗa ba. Cokali ya miƙo min: "Duba bayansa." Na ga fuskata ta ƙanƙance, amma rabin ɗakin ya fito. Ya ce, "To madubin babur kenan."

4/ Ga dalili. Haske in ya bugi madubi, da irin karkatar da ya zo yake komawa. Madubi mai doro yana kwaso haske daga fili mai faɗi ya matse hoton a ɗan wuri. Kana ganin titi da yawa, amma komai ya ƙanƙance. Ido kuwa in ya ga abu ƙarami, sai ya ɗauka nesa yake.

5/ Juya cikin cokalin, wato kwarmin: sai ka ganka kai a ƙasa. Madubi mai kwarmi tattara haske yake a ɗigo guda, in ya wuce ɗigon sai hoton ya kife. Shi ya sa ake sa ƙwan tocila da na fitilar mota a daidai wannan ɗigon, hasken ya fita a miƙe.

6/ Kuma ilimin ba na jiya ba ne. Ibnul Haisam ya yi bayanin waɗannan madubai a Kitabul Manazir, a Misra, shekara kusan 1,000 da suka wuce.

7/ 'Yan uwana masu cire madubi don gayu, ku mayar don Allah. Masu shi kuma, kar ku tsaya a kansa: madubi zai ce maka akwai mota, waiwaye ne zai gaya maka inda take. Allah Ya tsare mu.