Siccar Point: Dutsen da Ke Ba da Labarin Abin da Ya Same Shi

Daga Edinbura, babban birnin Sikotland, tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota zuwa gabas, kusa da ƙauyen Cockburnspath. Inda mota ta tsaya sai a ratsa gonaki da ƙafa, a wuce kangon wata tsohuwar coci, har a iso bakin teku. Babu kasuwa, babu mai shayi, sai tumaki da iska mai ratsa ƙashi. Duk da haka masana ilimin duwatsu daga ko'ina a duniya ba sa rabuwa da wurin.

Gangaren yana da tsayi da santsi, sai da hannu da ƙafa na sauka. A ƙasa na tarar da duwatsu iri biyu a haɗe. Na ƙasa ruwan toka ne, falle-falle, a tsaye cak. Na sama jajaye ne, kusan a kwance, sun ɗan karkata kaɗan. Kai ka ce alluna aka jera a tsaye, aka shimfiɗa tabarma a kansu. Idan ka durƙusa a daidai mahaɗar, za ka ga ɓaraguzan dutsen toka masu kaifi maƙale a cikin jan dutsen. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa na ƙasa ya riga ya taurare, har ya fara farfashewa, kafin na sama ya zo.

Ga yadda masana ke karanta lamarin. Yashi da laka a kwance suke taruwa, ba a tsaye ba. Duwatsun tokan sun taru ne a ƙarƙashin wani teku mai zurfi, Iapetus, kimanin shekaru miliyan 435 da suka wuce. Da ɓangarorin ɓawon ƙasa suka yi ta matsowa har tekun ya rufe, matsin ya lanƙwashe falle-fallen, ya miƙar da su, ya ɗaga su suka zama tsaunuka. Ruwa da iska suka yi ta cin tsaunukan har suka baje. Sai kimanin shekaru miliyan 370 da suka wuce koguna suka zubo jan yashi a kai, lokacin yankin yana kudu da tsakiyar duniya, cikin zafi da fari. Jan launin tsatsar ƙarfe ce. Tsakanin na ƙasa da na sama akwai giɓin shekaru kusan miliyan 65, amma tafin hannuna ya rufe shi.

A 1788 James Hutton, likita kuma manomi a wannan yanki, ya zo nan a kwale-kwale tare da John Playfair da James Hall. A zamanin, Turawa da yawa sun ɗauka shekarun duniya ba su wuce 6,000 ba. Hutton ya nuna wa abokansa cewa taruwa, lanƙwasa, zaizaya da sake taruwa ba za su yiwu cikin wannan ɗan lokaci ba. Shi bai san adadin shekarun ba, bayansa aka auno su. Jerin abubuwan da suka faru kuwa, daga kallon dutsen kawai ya gano shi.

Irin wannan karatu ba sai an je Turai ba. A gefen kwarin Sakkwato, duwatsun yashi suna kwance a kan tsofaffin duwatsun da matsin ƙasa ya murɗa kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, irin waɗanda ake gani a Zamfara da Birnin Gwari. Malaman makarantu, ku fitar da ɗalibai zuwa inda aka yanke dutse don shimfiɗa titi, ku sa su tantance wanne ya riga wanne.