Ranar Da Na Koma Cin Tuwo Da Dama

Ban san darajar hannun dama ba sai ranar da kabu-kabu ya kayar da ni, ina dawowa Kurya Madaro daga kasuwar Kaura Namoda. Na tokare ƙasa da tafi, sai na ji ƙas! Wuyan hannu ya karye.

Mai ɗori ya ja, ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure. Na kurma ihu kamar ba magidanci ba. Ya ce, "Haƙuri ɗana, sai ka yi kwana arba'in."

Wallahi kunya ta fi ciwon damuna. Ni da nake hana yara ci da hagu, sai ga ni ina kai loma da ita, suna ƙunshe dariya. Alwala sai uwargida ta zuba mini ruwa. Damina ta faɗi, maƙwabta suka yi mini gayya, suka nome geron.

Da aka kwance ɗorin, hannun ya rame, ya ƙi lanƙwasuwa. Kullum gashi da ruwan ɗumi, ana mulke shi da man shanu.

Wani dare na gutsuri tuwo da dama ban ma lura ba. Autata ta tashi da gudu tana cewa, "Inna, Baba ya warke!"