Lissafin Shekarun Duniyar da Babu Ita

A ƙasan akwatina akwai wani tsohon littafin rubutu mai shafi tamanin. Wanda ya buɗe shi zai ɗauka aikin ɗan makarantar da ya rikice ne: layuka a kwance, kibiyoyi suna tsallaka juna, sunaye an rubuta an soke an sake rubutawa. Shekara kusan biyar na yi ina cika shi, kuma duk abin da ke ciki ƙoƙari ne na gano wane labari ya riga wane faruwa a cikin littattafan Brandon Sanderson.

Sanderson marubuci ne ɗan Amurka. Ya fitar da Elantris a 2005, Mistborn na farko a 2006, Warbreaker a 2009, sannan The Way of Kings a 2010. Kowanne da duniyarsa da mutanensa da irin tsafinsa, har ka ɗauka babu abin da ya haɗa su. Sai ka yi nisa ka gane duk a sararin samaniya ɗaya suke, wanda ya raɗa wa suna Cosmere, kuma tushensu ɗaya ne: wani iko mai suna Adonalsium da aka farfasa gida 16. Abin da bai shimfiɗa a fili ba shi ne jerin zamanin. Sai ya bar masu karatu suna tsintar alamu kamar masu kalar gyaɗa.

Babbar alamar ita ce mutumin da ya bayyana a labari biyu. Akwai wani Hoid da ke leƙowa kusan ko'ina: nan almajiri, can mai ba da tatsuniya, a The Way of Kings kuwa wawan sarki. Akwai Vasher na Warbreaker, wanda ya ɓulla a duniyar Roshar da sunan Zahel yana koyar da takobi. Akwai kuma Demoux, sojan da muka sani a Mistborn na farko, sai ga shi a wani gajeren babi na The Way of Kings tare da mutum biyu suna cigiyar Hoid.

A kan Demoux na kafa nawa hasashen. Na ce tunda ɗan'adam ne kamar kowa, kuma ga shi a Roshar da ƙafarsa, to tsakanin labaran biyu ba zai wuce shekara talatin ba. Abokina da muke musayar littattafan ya ce ban san dawan garin ba. Hujjarsa ita ce waɗanda ke ƙetarawa daga duniya zuwa duniya ba sa tsufa kamar sauran mutane, don haka ba a auna zamani da furfurarsu. Ya ƙara da cewa ko kalmar shekara ma ba ɗaya ba ce, domin shekarar Roshar kwana 500 ce, kuma kwanan nasu bai kai namu tsawo ba. Mun sha raba dare a kan wannan, shayi yana hucewa.

Ana cikin haka kakata ta fara mantuwa. Da farko abin dariya ne, ta ajiye carbi ta neme shi yana hannunta. Daga baya ta fara kirana da sunan kawuna da ya rasu. Ranar da muka kai ta asibiti likita ya tambayi shekarunta, na miƙa masa katinta, an rubuta 1 ga Janairu, 1950. Kowa a gidanmu ya san wani ma'aikaci ne ya dube ta ya ƙiyasta. Na dawo gida da kunya. Na san Lord Ruler ya yi mulkin shekara dubu, na san kimanin shekara 300 ne tsakanin Mistborn na farko da littattafan Wax, amma ban san shekarar da aka haifi matar da ta goya ni ba.

Washegari na juya littafin nan ta baya, na zauna kusa da tabarmarta.

"Hajiya, lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo, kina ina?"

"Ina gidanmu mana, ɗan nema. Ina tallar fura. Ko zanen ƙirji ban fara ɗaurawa ba."

Na rubuta 1956, na ja layi. Da aka kashe Sardauna tana goyon kawuna, 1966 ke nan. Mahaifina kuwa ta ce tsakanin canjin hannu da canjin kuɗi aka haife shi, da damina. An koma tuƙi ta dama a Afrilun 1972, naira ta fito a Janairun 1973, ashe babana ma ya girmi takardarsa da shekara biyu. Hannuna har rawa yake yi, domin dabarar da na koya wajen bin sawun Hoid ce take aiki a tsakar gidanmu.

Har matsalolin iri ɗaya ne. Ita da azumi take ƙirga shekara, shekarar wata kuwa ta gaza ta rana da kwana 11, ta yadda duk shekara 33 sai an sami rarar guda. Sannan ga Sarkin Aska. Shi ya yi mata tsaga tana jaririya, shi ya yi wa babana kaciya, shi ya aske ni ranar suna. Na yi ta lissafi ina cewa wannan bawan Allah ya haura ɗari, sai gwaggona ta yi dariya ta ce ai mutum uku ne, kaka da ɗa da jika, sarautar ce ba ta canja ba. A littafi mutum ɗaya ne mai sunaye da yawa ya ruɗe ni, a gida kuma suna ɗaya mai mutane da yawa.

A Disambar 2024 Wind and Truth ya fito, na biyar a jerin Stormlight. Wanda bai karanta ba ya yafe mini. A ƙarshensa an ga Hoid ya faɗa duniyar Mistborn yana neman aikin tuƙa keken doki a gidan Wax. Ma'ana labaran Roshar sun zo ne dab da zamanin Wax, ƙarni uku bayan yaƙin da Demoux ya yi. Abokina ya yi gaskiya, hasashena ya rushe. Abin mamaki, ban ji zafi ba. Daɗin wasan ke nan: akwai mutum guda a jihar Utah da ya san amsa, in ka yi haƙuri wata rana zai faɗa.

Shafukan bayan littafin ne ba su da irin wannan mutumin. Na kai ga cewa an haifi Hajiya tsakanin 1944 da 1947, na kasa matsewa fiye da haka. Ƙawarta ɗaya da za ta iya raba gardamar ta rasu tun kafin in fara tambaya. Akwai wata shekarar fara da take yawan ambata, wadda har yau ban san inda zan ajiye ta ba, domin wani lokaci ta ce tana budurwa, wani lokaci ta ce tana da ciki. Da na soma wannan aiki shekara biyar da suka wuce, lokacin da nake bin Demoux, da ta ba ni amsa tiryan-tiryan.

Ban daina son hasashen masu karatu ba, kuma ba na ganin ɓata lokaci ne. Shi ya koya mini in saurari ƙaramar magana, in tambayi wane ne yake wurin, wane yanayi ake ciki, da wace irin shekara ake ƙirgawa. Abokina ya riga ya fara sabon lissafi a kan littattafan da ba su fito ba, ya ce in kawo littafina. Na ce masa sauran shafi shida kawai, kuma na Hajiya ne. Jiya da yamma ta farka cikin hayyacinta, ta dube ni ta kira sunana daidai, sai na jawo biro na sake tambayarta shekarar fara.