Abin da Yesu Ya Hana a Faɗa

Yanzu duk mararrabar da ka bi a garin nan sai ka ga fosta manne a bango: hoton fasto cikin kwat, a ƙarƙashinsa an jera cututtukan da za a warkar daren Juma'a, har da ƙarfen da za a fara. Jikokina kuma su miƙo mini waya in ga an tsayar da wata baiwar Allah gaban taro, an kara mata abin magana a baki, tana bayyana ciwon da ko ƙanwarta ba ta taɓa gaya wa ba. Abin yana ci mini rai, domin ba haka Yesu ya yi da marasa lafiya ba.

Ku buɗe Markus sura 1. Kuturu ya durƙusa, Yesu ya miƙa hannu ya taɓa shi, ya tsarkaka. Nan take ya ja masa kunne kada ya faɗa wa kowa, ya je dai ya nuna kansa ga firist. Mutumin bai iya riƙe bakinsa ba, wa zai ga laifinsa? Amma labarin da ya baza ya hana Yesu shiga gari a fili. Kurman nan na sura 7 janye shi ya yi daga cikin jama'a. Makahon Betsaida kuwa, hannunsa ya kama ya kai shi bayan gari, da ya gani ya sallame shi gida.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce 'yar Yayirus, shugaban majami'a, yarinya mai shekara 12. Gida ya cika da masu makoki. Yesu ya fitar da su duka, ya shiga da uwa da uba da Bitrus da Yakubu da Yohanna. Da ta tashi ya hana a sanar da kowa, ya ce a ba ta abinci. Abinci fa! Ana ta mamaki, shi yana tunanin cikin yarinya. Da a yau ne, sai an kai ta kan dandamali kafin ta sa loma a baki.

Wani masani Bajamushe, William Wrede, ya rubuta a 1901 cewa masu bi na farko ne suka shigar da wannan ɓoyo cikin labarin. Ban yarda da shi ba. A zamanin Yesu ƙasar tana hannun Romawa, mutane suna jiran sarkin da zai kore su, kuma Yohanna sura 6 ta nuna sun so naɗa Yesu sarki ƙarfi da yaji bayan ya ciyar da mutum 5,000. Bai so a san shi a matsayin mai magani ba tun ba a ga gicciye ba.

Amma tsufa ya nuna mini wani dalili, wato rufin asirin mara lafiya. Akwai wata gwauruwa a ikilisiyarmu mai hawan jini. A wani taro aka fito da ita ta yi shaida, aka yi ta tafi, ta koma gida ta zubar da ƙwayoyinta. Ba a jima ba ɓarin jikinta ya shanye. Ciwon bai dame ta kamar kunya ba, domin an fara raɗa cewa bangaskiyarta ce ta gaza. Ta daina zuwa sujada. Cikin waɗanda suka ɗauki hotonta babu wanda ya leƙo da ko kwanon kunu. Matan zumunta ne suka yi ta jinyarta.

Kada ku ce tsoho ya hana shaida. Wanda Allah ya taimaka ya yi shiru ai butulu ne, ni ma ina faɗin nawa. Mai aljanun nan na ƙasar Garasinawa, Yesu da kansa ya ce masa ya je ya ba da labari. Sai dai ku duba inda ya aike shi: gida, wurin danginsa, waɗanda suka san shi tun yana kwana a makabarta yana tsinka sarƙa. Kuturun ma wurin firist aka tura shi, wanda Shari'ar Musa ta ɗora wa duba fata ya tabbatar.

To, 'ya'yana fastoci, in kun yi wa mutum addu'a ya ce ya ji sauƙi, ku bar shi ya koma asibiti a sake auna shi, ya ci abinci, ya huta. Idan daga baya ya so yin magana, shi zai zaɓi ranar da wurin.