Gawon Fashaga da Mai Zanen da Ya Tafi da Shi Ingila

Duk wanda ya taɓa zuwa sayen riɗi a Gadarif ya san kaka ba lokacin kallon gari ba ne. Ido na kan sikeli, kunne na kan farashin kasuwar amfanin gona, zuciya kuma na kan motar da za ta kwashe kaya. Da wannan niyyar na bar Gadarif da sassafe a bayan boksi, wato irin Toyota ɗin nan mai buɗaɗɗen baya, muka ɗauki kwaltar da ta nufi Kasala har Shuwak, hedkwatar ƙaramar hukumar Fashaga. Daga nan sai hanyar ƙasa.

Ƙasar Fashaga baƙa ce wuluk, laka mai kama ƙafa. Da damina mota ba ta shiga sai tarakta, da rani kuma ta tsattsage har hannunka ya shige cikin tsagar. Koguna uku ne suka rungume ta: Atbara, Setit da Basalam, dukansu daga tsaunukan Habasha suke gangarowa. Albarkar ƙasar nan ita ce kuma fitinarta. Tun yarjejeniyar 1902 tsakanin Turawan Ingila da Sarki Menelik, da shata iyakar da aka yi a 1903, ba a daina jayayya a kanta ba. Manoman Habasha sun daɗe suna noma a wani ɓangare, 'yan fashin da ake kira shifta suna kwashe shanu da amfanin gona, sannan a ƙarshen 2020, lokacin da yaƙin Tigray ya ɓarke, sojojin Sudan suka karɓe mafi yawan yankin. A daidai lokacin ne dubban 'yan gudun hijira suka tsallako ta Hamdayet. Daga Afrilun 2023 kuma, mutanen Khartoum, daga baya kuma na Jazira, suka cika jihar Gadarif.

Mai masaukina dattijo ne Bahaushe, kakansa ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, guzuri ya ƙare a nan, sai noma ya riƙe shi. Irinsu suna da yawa a ƙauyukan bakin kogi, wasu an tashe su zuwa sababbin matsugunai da aka gina madatsar ruwan Atbara da Setit. Hausarsa tsohuwa ce, mai daɗi, ya cakuɗa ta da Larabci yadda muke cakuɗa tamu da Turanci. Muna zaune a rakuba, rumfar zana, ana zuba mana jabana mai citta, sai na lura da ƙofar shagon maƙwabcinsa. An rubuta sunan shagon da wani irin rubutu mai lanƙwasa, haruffan sun miƙe sun zama rassan bishiya. Na tambayi wanda ya yi.

Alhaji ya ɓata fuska. “Ɗan autana ne. Na ce ya zauna a kan sikeli ya koyi ciniki, shi kuwa sai fenti. Motocin kaya, shaguna, har bangon ɗakinsa bai bari ba.”

Da yamma yaron, wanda bai wuce shekara goma sha tara ba, ya raka ni gona mu ga tarin riɗin da aka jingina yana bushewa. Riɗi ba ya jira. In ya nuna aka yi jinkirin yanka, kwanson ya buɗe, dukiyar ta zube ƙasa, shi ya sa kowa a Fashaga yake cikin gaggawa a watannin nan. A hanyar dawowa ta bakin kogi muka bi ta ƙarƙashin wata babbar bishiya da ta fara fitar da sabon ganye, alhali ciyawa duk ta soma bushewa. Na ce, “Kai, ga gawo!” Ya yi dariya ya ce, “Kawu, mu nan haraz muke ce mata.” Sai ya ciro waya ya nuna mini wasu hotuna. Layuka ne a jere, siriri da kauri, wasu kamar tsani, wasu kamar mutum a tsaye ya ɗaga hannu. Ya ce wannan gawo ne, kuma wanda ya zana shi yana Ingila.

Ibrahim El-Salahi ke nan. Na taɓa jin sunan, amma a bakin yaron nan na san labarin, daga baya na bi na karanta.

An haife shi a Omdurman a 1930. Mahaifinsa malami ne mai makarantar allo, abin da 'yan Sudan ke kira khalwa, don haka da alƙalami da tawada da allo ya fara, kamar ni da kai. Ya yi karatun zane a Khartoum, sannan ya tafi makarantar Slade a Landan daga 1954 zuwa 1957. Ya dawo da gwanintar Turawa, ya baje kolin aikinsa, mutanen gari suka leƙa ba su ga abin da ya shafe su ba. Abin da ya yi bayan wannan shi ya fi burge ni, don aikin ɗan kasuwa ne sak: bai zagi masu saye ba, sai ya shiga gidajen mutane ya ga me suke ratayewa a bango. Ya tarar da ayoyi, da zayyana, da adon tabarma da faifai da ƙwarya. Ya koma kan harafin Larabci, ya riƙa buɗe shi yana miƙar da shi har siffofi suka fara fitowa daga cikinsa. Daga nan shi da abokan aikinsa aka san su da Makarantar Khartoum. A farkon shekarun 1960 har Najeriya ya zo, aka nuna aikinsa a ƙungiyar Mbari ta Ibadan, inda marubuta irin su Wole Soyinka da Chinua Achebe ke taruwa.

A 1975, yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu, gwamnatin Nimeiri ta kama shi bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki. Ya yi wata shida a kurkukun Kober ba tare da shari'a ba. An hana takarda da fensir, sai ya riƙa zane a kan 'yan guntayen takarda, in ya ji motsin gandiroba ya binne su cikin yashi. Wannan dabara ta bi shi har waje: manyan ayyukansa da yawa daga ɗan ƙaramin gutsure suke farawa, ya yi ta haɗa wani da wani har su cika bango. Bayan an sake shi ya bar ƙasar, ya yi shekaru kusan ashirin a Qatar, a 1998 ya koma Oxford. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya shirya baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa, karo na farko da aka yi wa ɗan Afirka haka a gidan.

To a can Oxford, garin ruwan sama da sanyi, ya zauna yana zana gawo, ɗaya bayan ɗaya, shekara da shekaru. 'Yan Sudan na cewa haraz ta yi faɗa da ruwan sama, shi ya sa take kakkaɓe ganyenta da damina, ta yi kore shar da rani. Manomin Katsina ko Maraɗi ba ya bukatar a yi masa bayani: ba a sare gawo a gona, gero ya fi kyau a gindinsa, 'ya'yansa kuma su ke riƙe awaki in abinci ya yanke. Ni dai da na kalli zanen, ban ga bishiyar da na sani ba sai da na daɗe ina kallo. Wasu ma har yanzu ban gane su ba, kuma ba zan yi ƙaryar na gane ba. Amma na gane dalilin da zai sa mutumin da ya bar gida ya zaɓi wannan bishiyar, ba dabino ba, ba kuka ba.

Da dare bayan lisha na kawo wa Alhaji zancen. Damuwarsa biyu ce. Ta farko addini, ta biyu abinci. A kan ta farko na ce masa wannan magana ce ta malamai, amma ya duba aikin ɗansa da kyau, haruffa ne da itatuwa da zayyana irin ta allon sauka, kuma shi kansa El-Salahi an san shi da yin salla kafin ya zauna aiki. A kan ta biyu kuwa ba ni da ƙwaƙƙwarar amsa. El-Salahi ɗaya ne, kuma ya haura tamanin kafin Tate ta kira shi. Masu zane da yawa na Khartoum sun gudu Alƙahira da Nairobi da Kampala tun da aka fara yaƙin nan, wasu sun baro aikin shekaru a ɗakunan da ba su san halin da suke ciki ba.

Alhaji ya yi shiru, yana jan carbi. Can ya ce, “Kakana ya fita bai koma ba. Ba fentin nake tsoro ba, Malam. Masu wannan sana'a ba sa zama.”

Washegari aka loda mini buhunana. Motar da ta zo ɗaukarsu a bayanta an zana bishiya mai faɗin kai, ganyenta kore, ƙasan kuma rawaya kamar rani. Yaron na tsaye a kan sikeli da littafin lissafi a hannu, da shuɗin fenti a farcensa, yana kiran nauyin kowane buhu, uban yana maimaitawa.