Ba a Ci da Huɗu: Waiwaye kan Darar Ƙasar Anka

A ƙauyukan ƙasar Anka, zamanin da muke yara, ba a haƙa gurbin dara sai gero da dawa sun shiga rumbu. Magidancin da aka gani yana dara da damina ya sayo wa kansa sunan rago, kuma sunan ba ya fita da wuri. Amma da an gama kaka, hunturu ya kankama, kowace inuwa sai ta samu masu ita. Ni a Duza na koyi dara, wajen kawuna, inda akan tura ni hutun makaranta, tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a yanko Zamfara a 1996.

Kayan wasan ba na saye ba ne. A share ƙasa, a yayyafa ruwa don kada gurbi ya rufta, a sa ƙwallon goruba a lotsa gurabu: layi 5, kowane layi gurbi 6, jimla 30. Mutum ɗaya ya karyo tsinken kara 12, abokin karawarsa ya tsinto tsakuwa 12. Su ne 'ya'yan dara. In duk sun sauka, gurbi 6 kacal ke saura babu kowa, kuma a kan waɗannan shidan ake duk rigimar.

Wasan hawa biyu ne. Na farko zubi: kai ka aje ɗa ɗaya a gurbin da ka ga dama, shi ma ya aje, har hannu ya ƙare. A nan babu ci, kuma ba a yarda ka jera uku ba. Hawa na biyu tafiya. Ɗa yana taka gurbi ɗaya ne tak, gaba ko baya, dama ko hagu, ba ya tsallake kowa, ba ya bin kusurwa. Duk lokacin da takunka ya jera maka 'ya'ya uku a miƙe, a tsaye ko a kwance, ka ci: sai ka ɗauke ɗa ɗaya na abokin karawarka. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu ba shi da sauran abin jerawa, an cinye shi. Wanda aka cinye bai ɗauke ko tsinke ɗaya ba kuwa, gara ya bi ta bayan gida zuwa masallaci ranar nan, don matasa ba za su bar shi ya sha ruwa ba.

Iyakar abin da kowa ya yarda da shi ke nan. Daga nan gardama take farawa.

In taku ya jera maka huɗu fa? A dandalinmu an ce ba a ci da huɗu, uku ne ci, ba ƙari ba ragi. Sai dai ko a nan akwai masu cewa jera huɗun ma haramun ne, sai ka mayar da ɗanka, akwai masu cewa ka jera abinka, asarar taku kawai ka yi. In taku ɗaya ya rufe maka layi biyu, na tsaye da na kwance, ɗa nawa za ka ɗauka? Kawu ya ce ɗaya, don baki ɗaya ba ya loma biyu. Wanda ya taɓa ɗa ya fasa fa? Wannan kam babu sassauci, ka taɓa ka taka. Babbar tambayar da ta fi raba kan mutane ita ce ko ana cin ɗan da ke tsaye cikin jerin uku na abokin karawa.

A kan wannan na ga shari'ar da ban manta ba. Wani baƙo ne ya sauka, mai fataucin doya da barkono, ya biyo hanyar Zuru ta Daki Takwas. Badakkare ne, kuma mutanen ƙasar Zuru sun yi suna a dara, har littattafan wasanni na Turawa su suke jingina wa ita, ko da yake duk wanda ya zaga Kabi da Zamfara da Arewa ta Nijar ya san ba ta da uba ɗaya. Aka ba shi tsakuwa ya zauna da kawu. Wasa ya yi nisa, baƙo ya jera uku, ya miƙa hannu ya zare tsinken tsakiya daga ukun da kawu ya kafa. Kawu ya riƙe masa wuyan hannu.

"A'a, baƙo, aje ɗan ga. Garin ga ba a cin wanda yat tsaya uku."

"Mu can muna ci, Malam. Duk wanda ido ya gani abinci ne."

Nan take 'yan kallo suka rabu, murya ta fara tashi, har da masu rantsuwa da kabarin kakansu a kan abin da bai kai ƙwandala ba. Akwai wani tsoho, mahauci ne da ya bar fawa saboda ciwon baya, wanda ba ya wasa sai kallo. Ya bari hayaniyar ta lafa, ya tofar da tuƙar goro, ya ce:

"Kun hwaɗa mai kahin zubi?"

Aka yi tsit.

"To laihinku na, ba nashi ba. Ba a ba baƙo doka bayan ya ci. Ku share, ku sake."

Kawu ya sa tafin hannu ya watse wasan da shi ke kan gaba a cikinsa, ba tare da ya ce uffan ba. Daga ranar, duk baƙon da zai zauna, sai an yi masa tambayoyin nan kafin ɗan farko ya taɓa ƙasa: huɗu fa, layi biyu fa, mai tsaye uku fa? A amsa a gaban jama'a, sannan a fara. Wani lokaci a bi ta gari, wani lokaci a bi ta baƙo don girmamawa. Na daɗe ina ganin hukuncin tsohon nan ya fi na wasu masu digiri da na sani.

Dalilin da ya sa ake kafewa a kan maganar mai tsaye uku shi ne doki. Wanda bai san doki ba bai san dara ba. Ka aje 'ya'ya biyu a jere a layin sama, ka aje biyu a ƙarƙashinsu daidai, su huɗun su yi murabba'i. Na biyar ɗinka, wato dokin, yana laɓe kusa. Da an fara tafiya sai ya shiga gurbin da ke gefen biyun ƙasa, uku ta cika, ka ci. In taku ya dawo gare ka sai ya hau gefen biyun sama, uku ta sake cika, ka sake ci. Ya sauko, ci. Ya hau, ci. Abokin karawa ba shi da mafita sai ya cusa ɗansa a gurbin da dokin ya bari, kai kuma kowane ci kana ɗauke wanda ya matso kusa da ƙofar. In dokar gari ta hana taɓa mai tsaye uku, to uku daga cikin biyar ɗin nan kullum a tsare suke, sai ragowar biyun za a iya kai wa hari. In kuwa dokar baƙo ake bi, ci ɗaya ya isa a zare dokin kansa. Ka ga ashe ba ƙaramar magana ba ce, wasa biyu ne daban a kan gurabu iri ɗaya.

Mu yara tafiya muke so, saboda a nan ake ihu. Manya kuwa a zubi suke daɗewa, mutum ya riƙe tsinke yana juya shi har ka ƙosa. Kawu yakan ce a zubi ake cin gari, tafiya kwasar ganima ce kawai. In ya so ya ƙara wa maganar nauyi sai ya kawo labarin da duk Bazamfare ya taso da shi. Gobirawa ba da yaƙi suka fara shigowa Zamfara ba, da baƙunci suka zo, aka ba su wurin zama a gonar alƙalin gari, inda ya zama Alkalawa. Suka yi ta ƙaruwa a gefen masu masauki, shekara bayan shekara, ba wanda ya zare takobi. Da sarkinsu Babari ya ga zubinsa ya cika, a shekarun 1760, sai ya auka wa Birnin Zamfara ya ci shi, zamanin Sarkin Zamfara Maroƙi. Gidan sarautar ya yi ta sauya mazauni, har ya zo ya tabbata a Anka, inda sarkin ke riƙe da sarautar Sarkin Zamfara har yau. Alkalawa ita ma ba ta dawwama ba, ta faɗi hannun masu jihadi a 1808. Kawu ba malamin tarihi ba ne, shekarun nan daga baya na same su a makaranta. Shi dai abin da yake nuna mini da tsinke shi ne ɗan da aka aje kusa da kai cikin lumana, ka duba abin da zai zama bayan taku biyu.

Akwai dokar da kowa ya sani kuma ba wanda ya taɓa bi: ɗan kallo ba ya magana. Ina! Wannan ya yi gyaran murya, wancan ya taka ƙafar ɗan'uwansa, wani ya ɗaga kai sama yana wa tsuntsu maganar dama da hagu. In shawarar ta ɓaci, dara ta ci gida, mai shawarar ne farkon mai dariya. Kuɗi kam ba a sawa, an bar wa 'yan karta wannan, kuma da ladan ya kira La'asar ake tashi a bar 'ya'ya a gurabunsu, a sa yaro gadi. Sau da yawa ni ne yaron. A cikin gida mata na da tasu darar mai gurbi 12, kowane gurbi 'ya'ya 4, irin wadda Yarabawa ke kira ayo, amma wannan zancen wata rana ne.

Da na girma na ga wasannin wasu ƙasashe, sai na gane darar tamu tana da dangi. A Afirka ta Kudu suna da morabaraba, su ma 'ya'ya 12 kowane ɓangare, jerin uku ne ci, su shanu suke kiran 'ya'yan. Zabarmawa na da dili. Wasan ces na Turawa kuwa yana da hukumar duniya tun 1924, da kundin doka guda, ta yadda ɗan Indiya da ɗan Rasha za su zauna ba sai sun tambayi juna komai ba. Wannan ya taimaki ces ya zaga duniya, ban musa ba. Amma ban yi wa dara sha'awar kundi guda ba. Tambayoyin nan na kafin zubi su ne gaisuwar wasan, a nan baƙo ke sanin garin da ya sauka, gari kuma ya san baƙonsa.

Yanzu dandalin nan namu ya watse. Abin da ya watsa shi kuwa ba wayar hannu ba ce, kamar yadda ake saurin cewa. Zinari ne ya fara. Da farashinsa ya tashi, rani ya daina zama lokacin hutu, samari suka koma rami, ana kawo dutse cikin gida ana daka ana niƙa. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum: Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Bagega, 'Yargalma, har da Duza. Yara sama da 400 suka rasu. Aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zubo sabuwa. Bayan wannan sai 'yan bindiga, har ya zama taruwar maza goma a inuwa ɗaya a bakin gari ganganci ne. Dubban mutanen ƙauyuka suka yi gudun hijira zuwa cikin Anka da Gummi da Gusau, a 2021 ma aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya na wani lokaci. Mai fataucin da zai biyo ta Daki Takwas ya kwana a ƙauyen da bai san kowa ba, ya zauna dara har magariba, yanzu sai a labari.

Tsofaffin da suka san wasan suna nan, da yawansu a gidajen 'yan'uwa a cikin gari, ba gona ba dandali. Mai karatu, in kana da irinsu a gida, ka share ƙasa ka lotsa musu gurbi 30, ka zauna a cinye ka. Ka tambaye su huɗu, ka tambaye su layi biyu, ka tambaye su mai tsaye uku, ka rubuta amsar tare da sunan ƙauyen da suka baro. In ta Gummi ta saɓa da ta Anka, kada ka gyara, ka rubuta kowace yadda aka faɗa maka.